Jagorar gano matsalar bututun pito, layin sitatik da ma'aunin kusurwar karo a ƙananan jirage

Idan matuƙin ƙaramin jirgi ya sauko yana ƙorafin cewa agogon gudu ya yi masa ƙarya, abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne a cire agogon a kai gyara ko a sayo sabo. Sau da yawa kuwa agogon ba shi da laifin komai, domin abin da tiyo ya kawo masa shi yake nunawa, kuma tsakanin ƙofar da iska ke shiga a ƙarƙashin fiffike da bayan agogon akwai dogon siririn bututu, da mahaɗai masu yawa, da lanƙwasa, da wuraren da ruwa ke samun mazauni. A nan ya kamata bincike ya fara, kuma sai an wanke waɗannan daga zargi ake taɓa agogo.

Abin da kowane layi ke ɗauke da shi

Bututun pito, wanda ya samo sunansa daga Henri Pitot, injiniyan Faransa da ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogin da ya ratsa birnin Faris, yana fuskantar gaba ne, yana karɓar matsin iskar da jirgi ke kutsawa cikinta. A cikin agogunan allo, na gudu kaɗai yake ciyarwa. Layin sitatik yana ɗauko matsin iskar da ke kewaye da jirgin, wadda gudu bai taɓa ba, ta wasu ƙananan ƙofofi da galibi ke gefen gangar jirgi, ya kai wa agogo uku: na gudu, na tsayi, da na hawa da sauka. A jirage da yawa yana kuma kai wa na'urar da ke aika tsayin jirgi ga masu kula da zirga-zirgar sama, da na'urar tuƙi da kai, da allon lantarki idan akwai. Layi na uku shi ne na kusurwar karo, wato kusurwar da fiffike ke haɗuwa da iska, wadda ake taƙaitawa da AOA. A ƙananan jirage an fi auna ta da wata ƙofa ta biyu da ke kan kan piton, a fuskar da ta karkata ƙasa.

Duk wanda zai yi wannan aiki ya kamata ya riƙe ƙanƙantar matsin da ake aunawa a ransa, domin ita ce ke bayyana kusan kowace matsala da kowace ɓarna. Jirgin da ke gudun not 100 (not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa) matsin da yake tarawa a bakin pito bai wuce wanda zai ɗaga ruwa santimita 16 da rabi a cikin tiyo ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na matsin iskar da ke cikin tayar mota ba. A not 60, kusa da gudun da ƙananan jirage da yawa ke sauka da shi, santimita 6 ne kacal. A ɓangaren sitatik kuma, santimita ɗaya na ruwa daidai yake da kimanin ƙafa 27 na tsayi idan ana kusa da teku. Saboda haka ɗan guntun ruwan da ya tsaya a gangaren tiyo ya isa ya karkatar da agogo, kuma numfashin mutum guda, idan ya hura da ƙarfi, ya wuce abin da agogon zai iya ɗauka.

Mataki na farko: a saurari matuƙi kafin a ɗauki sifana

Kowace irin matsala tana da tata alamar, kuma tambayoyi kaɗan suna iya rage rabin aiki. A tambayi matuƙi agogo nawa ne suka rikice. Idan na gudu ne kaɗai, zargi ya fi karkata ga pito. Idan duka ukun ne, sitatik ne. Sannan a tambaye shi abin da allurar ta yi lokacin hawa da lokacin gangarowa.

Idan bakin pito ya toshe amma ƙaramar ƙofar zubar ruwa da ke ƙasansa tana buɗe, iskar da ke ciki za ta zurare, allurar gudu ta faɗo zuwa sifili. Idan duka biyun suka toshe, matsin ya maƙale a ciki, sai agogon gudu ya koma aikin agogon tsayi: jirgi na hawa yana nuna ƙarin gudu, jirgi na gangarowa yana nuna raguwa. Wannan ita ce alama mafi haɗari, domin tana jan matuƙi ya ƙara ɗaga hancin jirgi a daidai lokacin da gudunsa ke ƙarewa. Haka ya faru da jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 da ya faɗa teku bayan tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika ranar 6 ga Fabrairun 1996 da mutum 189, inda masu bincike suka fi zargin cewa zanzaro ne ya yi ɗakinsa na laka a cikin ɗaya daga bututun yayin da jirgin ke ajiye makonni ba tare da murfi ba.

Idan sitatik ne ya toshe, agogon tsayi yakan daskare a inda toshewar ta same shi, na hawa da sauka ya koma sifili ya tsaya, na gudu kuma ya nuna ƙasa da gaskiya idan an hau sama da wurin, ya nuna fiye da gaskiya idan an gangaro ƙasa da shi. A watan Oktoba na wannan shekara ta 1996, wani Boeing 757 na Aeroperú ya faɗa teku bayan tashi daga Lima da mutum 70, saboda salatif da aka liƙa a ƙofofin sitatik lokacin goge jikin jirgin aka manta ba a cire ba. Manyan jirage ne waɗannan, amma zanzaro da salatif ba sa tambayar girman jirgi.

Akwai alamu masu sauƙi da aka fi cin karo da su a kullum. Allurar da ke jinkiri, tana bin abin da jirgi ya yi bayan daƙiƙoƙi, tana nuna toshewa wadda ba ta cika ba, ko tiyo da ya lanƙwashe ya matse. Allurar da ke tsayawa cik sannan ta yi tsalle, musamman bayan ruwan sama ko wanke jirgi, ruwa ne ke kai da kawo a cikin layi. Idan agogon tsayi da na gudu suna motsi duk lokacin da aka buɗe taga ko kafar shan iska, to layin sitatik yana yoyo a cikin ɗakin matuƙi, kuma da yake matsin cikin ɗakin yakan yi ƙasa da na waje a jirgin da ba a cika ɗakinsa da iska, agogon biyu sukan nuna fiye da gaskiya. Idan kuma allurai suna rawa ne kawai lokacin da jirgi ke zamewa gefe, to ɗaya daga ƙofofin sitatik biyu, na dama ko na hagu, ta toshe, domin an haɗa su ne don kowace ta soke kuskuren 'yar'uwarta.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ta fi kowace amfani: wane aiki aka yi wa jirgin kafin matsalar ta ɓullo? Sabon fenti, sauya rediyo, ko hannun da aka cusa bayan allon agogo don gyara wata waya, kowannensu ya isa.

Mataki na biyu: ido da fitila

A duba bakin pito da fitila, a duba ƙofar zubar ruwa, a tabbata bututun bai lanƙwashe ko ya juya daga inda aka daidaita shi ba. Lakar zanzaro takan kasance can ciki, bayan inda ido ke kaiwa, don haka tsabtar baki ba hujja ba ce. A duba ƙofofin sitatik ko fenti, kakin goge jiki ko ƙura sun rage faɗinsu. Kada a soka musu waya ko bakin abin huda, domin faɗin ƙofar da santsin gefenta suna cikin abin da aka auna lokacin da aka ƙera jirgin.

Daga nan a bi tiyo da hannu har inda za a iya kaiwa. Tsohon tiyon roba yakan bushe ya tsage a daidai inda ya hau kan mahaɗi, na nailan kuma yakan taurare, ya goge a jikin ƙarfe, ko ya narke idan an haɗa shi kai tsaye da pito mai hita, shi ya sa ake fara layin da ɗan guntun bututun alminiyam kafin a koma na roba. A lura ko layin sitatik ya fara hawa sama daga ƙofarsa kafin ya nufi gaba, domin wannan hawan ne ke hana ruwa shiga. Idan akwai bawul na sitatik na ko-ta-kwana, wanda ake buɗewa idan ƙofofin waje sun toshe, a ƙarƙashin allo, a tabbata a rufe yake, domin gwiwar matuƙi takan buɗe shi ba da sani ba. Kafin a tashi daga kujera, a saita agogon tsayi da matsin iskar filin na wannan lokaci. A Amurka ƙa'idar da ake bi ita ce idan bambancinsa da sanannen tsayin filin ya kai ƙafa 75, agogon abin tuhuma ne.

Hitar pito kuwa gwajinta gajere ne: a cire murfi, a kunna ta na ɗan lokaci, a ga ma'aunin lantarki ya motsa, a kusantar da bayan hannu ba tare da kamawa ba, domin tana ƙona fata cikin ƙasa da minti.

Mataki na uku: kayan aiki da abubuwan da ba a yi

Masu lasisi suna amfani da na'urar gwaji mai famfo biyu da agogon da aka tantance, kuma ita ke ba da sakamakon da za a rubuta a littafin jirgi. Amma don gano inda yoyo yake, babban sirinji, da tiyo mai laushi, da abin matse tiyo, da murafun toshe mahaɗai, da salatif mai launi mai haske, da ruwan sabulu sun wadatar. Tiyo garai-garai da aka lanƙwasa kamar harafin U aka zuba masa ruwa, aka manna shi a jikin katako kusa da rula, ma'auni ne da ba ya ƙarya, tun da nauyin ruwa ba ya sauyawa da tsufa.

Ba a hura pito da baki ko da kwamfureso muddin agogo na haɗe. Ba a tsotse iska daga pito shi kaɗai, ba a kuma tura iska cikin sitatik, domin kowanne yana tilasta wa siririn kwanson ƙarfen da ke cikin agogon gudu ya lanƙwasa ta inda ba a yi shi don ya bi ba. Ba a fizge tiyon gwaji yayin da layi ke ƙarƙashin matsi. A ganina wannan na ƙarshe ya fi sauran lalata agogo, domin mutum yakan yi taka-tsantsan wajen ja, sai ya ga sakamako ya yi daidai, murna ta sa ya cire tiyon farat ɗaya, allurar hawa da sauka ta daki ƙarshenta. Kuma duk salatif da aka liƙa, a bar masa dogon jela mai launi, a rubuta adadinsa a takarda, a ƙirga lokacin cirewa.

Kafin a haɗa komai da jirgi, a toshe bakin kayan gwajin a ja iska a ga ko su kansu suna riƙewa. Mutane da yawa sun ɓata yini suna neman yoyo a jirgi alhali yana jikin sirinjinsu.

Mataki na huɗu: gwajin sitatik

A liƙe ƙofar sitatik ɗaya, a haɗa tiyon gwaji da ɗayar ta hanyar da iska ba za ta shiga ta gefe ba. A ja sirinji a hankali, ido yana kan agogon hawa da sauka, kada allurarsa ta kai ƙarshen ma'auninta. Ƙafa 1,000 a minti ko ƙasa da haka ya isa. A ci gaba har agogon tsayi ya nuna ƙafa 1,000 sama da inda jirgin yake, sannan a matse tiyon.

A nan akwai abin da ke ba sababbin hannu mamaki. Yayin da ake jan sitatik, allurar gudu za ta tashi, domin pito yana nan a matsin waje alhali an rage na ɗaya ɓangaren, kuma a ƙafa 1,000 za ta kai kusan not 150. Idan agogon jirgin bai kai wannan adadi ba, ko kuma za a ja fiye da haka, dole a haɗa pito da sitatik wuri ɗaya a ja su tare, ko a cire agogon gudu daga layin a toshe gurbinsa.

Bayan an matse, a ba shi ɗan lokaci ya natsu. Agogon hawa da sauka yana da wata 'yar kafa da aka yi masa da gangan a ciki, don haka iskar da ke cikin akwatinsa tana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ta daidaita, kuma a wannan tsakanin agogon tsayi zai ɗan sauka ko da babu yoyo. Sai allurar ta dawo kusa da sifili ake fara ƙirga. Ƙa'idar Amurka ga jirgin da ba a cika ɗakinsa da iska ita ce kada tsayin ya ragu fiye da ƙafa 100 cikin minti ɗaya. Wannan iyaka ce ta doka, amma layin da aka haɗa da kyau yakan riƙe kusan ba motsi, kuma wanda ke zubar da ƙafa 90 yau yana kan hanyarsa ta faɗuwa gwaji. A ɗan ƙwanƙwasa allo da yatsa kafin karantawa, saboda allurar tsohon agogo takan maƙale idan injin ba ya girgiza ta. A kuma yi gwajin a inuwa, domin rana da ke dukan fiffike tana dumama iskar cikin tiyo, ta sa a ga kamar ana yoyo.

Mataki na biyar: raba layi biyu

Idan ya faɗi gwaji, kada a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya ana ƙara musu ɗauri. Wannan yana fasa masu kyau, kuma ko yoyon ya tsaya ba za a san wanne ne ya jawo shi ba. A nemi mahaɗin da ke kusa da tsakiyar layin, galibi inda tiyo ya fito daga bayan jirgi ya iso allo, a raba a nan, a gwada ɓangaren agogo shi kaɗai. Idan ya riƙe, yoyon yana baya. Idan bai riƙe ba, a sake raba wannan ɓangaren biyu, a ci gaba da haka. Layi mai mahaɗai goma sha shida, rabawa huɗu ta isa ta kai mutum ga guda ɗaya.

Ɓangaren da aka cire masa dukkan agogo da na'urori ana iya tura masa ɗan matsi kaɗan a shafa ruwan sabulu, kumfa zai nuna wurin. Wuraren da aka fi kamawa sanannu ne: mahaɗin roba mai zare da aka ɗaure fiye da kima a bayan agogo har ya tsage da tsaga siririya kamar gashi, mahaɗin da ake tura tiyo ciki kawai, idan an yanke bakin tiyon a karkace ko an ƙarce shi inda zoben roba ke kamawa, kwalbar tara ruwa ta sitatik, bawul na ko-ta-kwana, da inda tiyo ya hau bayan ƙofar sitatik. Gyaran na biyun shi ne a yanke santimita ɗaya da abin yanka mai kaifi, a miƙe, a tura har ya zauna, a ja baya kaɗan a ji ya kama. Wajen liƙe zare kuma, man liƙi da aka amince da shi ya fi farin tef, domin zaren tef ɗin yakan gutsure ya shige cikin agogo. In ma za a sa shi, a bar zare biyu na farko tsirara.

Sai an kai nan ne agogon kansa ke shiga zargi. Akwatin agogo yana cikin layin sitatik, don haka gilashin da ya tsage, ko robar da ke kewaye da shi da ta bushe, ko gindin maɓallin saita agogon tsayi, duk yoyo ne. Wannan ba gyaran cikin rumfa ba ne, na shagon agogon jirage ne mai izini.

Mataki na shida: gwajin pito da fitar da toshiya

A liƙe ƙofar zubar ruwa, a saka tiyo mai laushi a bakin pito, a tura iska sannu a hankali har agogo ya nuna not 150, ko kimanin kashi uku cikin huɗu na ma'auninsa idan bai kai haka ba, a matse. Jagorar gyaran jirage ta hukumar sufurin sama ta Amurka, mai lamba AC 43.13-1B, ta ce kada ya ragu fiye da not 10 a minti ɗaya, sai dai idan kamfanin da ya ƙera jirgin ya ba da nasa adadin, wanda shi ke gaba. Ko sirinji ba a buƙata: idan aka naɗe wutsiyar tiyon roba a hankali kamar tabarma, iskar da ke ciki ta isa ta ɗaga allurar.

Da ma'aunin ruwan nan a haɗe, ana iya duba gaskiyar agogon a lokaci guda. Bambancin tsayin ruwa a hannuwan tiyon biyu ya kamata ya kasance kusan santimita 6 a not 60, 10 da rabi a not 80, 16 da rabi a not 100, 24 a not 120, da kusan 38 a not 150. Idan layi ya riƙe amma allura ta saɓa wa ruwa, to an kama agogon da hujja.

Idan an tura iska allura ba ta motsa ba kuma sirinji yana turjewa, ko ta motsa a makare, akwai toshiya. A cire layin daga bayan kowane agogo da na'ura, a rufe bakunansu, sannan a hura busasshiyar iska mai ƙaramin matsi daga ɓangaren allo zuwa waje, yadda datti zai fita ta inda ya shigo. A sa farin ƙyalle a bakin fita don a ga abin da ya fito, ko laka, ko ruwa, ko ƙwaro. Idan ruwa ne, fitar da shi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne gano kwarin da ya taru a ciki a gyara shimfiɗar tiyon, in ba haka ba zai dawo, kuma a sama inda sanyi ya kai ya daskare ya toshe layin gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: layin kusurwar karo

Tun da hukumar sufurin sama ta Amurka ta sauƙaƙa sharuɗɗan saka wannan ma'auni a ƙananan jirage a 2014, ya yawaita, kuma matsalolinsa sun zo tare da shi. Yadda irin mai ƙofa biyu ke aiki shi ne: yayin da hancin jirgi ke ɗagawa dangane da iska, ƙofar da ta karkata ƙasa tana ƙara fuskantar iskar, matsinta yana ƙaruwa idan aka kwatanta da na pito, na'ura kuma tana lissafa kusurwa daga rabon da ke tsakanin biyun. Abin da wannan ke nufi ga mai gyara shi ne yoyo a pito ko a sitatik yana ɓata lissafin kusurwa ko da nata layin lafiya lau yake, saboda haka ba a taɓa ta sai an gama da waɗancan biyun.

Kuskuren da ya fi yawa a sabon haɗi shi ne musanya tiyo biyun, domin daga cikin sanda ɗaya suke fitowa, kaurinsu ɗaya, kuma mai haɗawa yana kwance a ƙarƙashin fiffike yana lalube ta ƙaramar kafa. Alamarsa ita ce agogon gudu yana nuna ƙasa da gaskiya sosai a tafiyar miƙe, yana sauyawa da ɗaga hanci, saitin kusurwa kuma ya ƙi karɓuwa. Hanyar tabbatarwa ita ce a cire duka biyun daga na'ura, a tura iska kaɗan ta ƙofar gaba, a ji ta wane tiyo ta fito, a yi masa alama nan take a duka ƙarshensa biyu.

Gwajin yoyonsa kamar na pito ne, sai dai babu allurar da za a kalla, don haka ma'aunin ruwa ko agogon gudu na aro shi ake haɗawa. Wasu kawunan suna da ƙofar zubar ruwa fiye da ɗaya, wasu a ɓoye, kuma idan ba a liƙe su duka ba za a yi ta ganin yoyon da babu shi. Idan sun gagara, a cire tiyon daga bayan kan a gwada daga nan. A jirgi mai allon lantarki akwai ƙarin haɗari: idan aka ja sitatik zuwa tsayi mai yawa aka bar ƙofar kusurwa a buɗe ga iskar waje, bambancin matsin na iya fasa na'urar da ke auna ta. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke umartar a haɗa ta da pito lokacin gwaji, kuma littafin na'urar shi ne mai magana ta ƙarshe a kan wannan.

A ƙasa, ba tare da iska na gudana ba, abin da ma'aunin ke nunawa ba shi da ma'ana. Duk lokacin da aka gyara yoyo, aka sauya tiyo, ko aka motsa kan ko da kaɗan, sai an sake saita shi a sama bisa tsarin kamfanin, a tsayi mai yalwa, tare da matuƙin da ya saba da kai jirgi gaɓar da iska ke suɓuce wa fiffike. Akwai gwaji guda da ke tona asirin ma'aunin da ba ya aiki. Fiffike yana rasa ɗaukarsa a kusurwa ɗaya ne komai nauyin jirgi, matuƙar ba a sauya matsayin filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa, ba, amma gudun da hakan ke faruwa yana ƙaruwa da kimanin kashi 19 cikin ɗari a juyi mai karkatar digiri 45 da ake riƙe tsayi. Saboda haka gargaɗi ya kamata ya zo a gudu mafi yawa cikin juyi fiye da a miƙe. Idan kullum a gudu ɗaya yake zuwa, to gudu na'urar ke karantawa, kuma layin kusurwar ya toshe ko ya cire.

Tsofaffin jirage irin su Cessna 172 suna da ɗan'uwan wannan tsari mai sauƙi: wata kafa a goshin fiffiken hagu da tiyo ya haɗa da ƙaho mai harshe kamar na sarewa. Idan kusurwa ta yi yawa, iska tana tsotsa ta kafar, ƙahon ya yi kuka. Gwajinsa shi ne a ɗora tsabtataccen ƙyalle a kan kafar a tsotsa. Idan bai yi ƙara ba, a duba tiyon da mazubin robar da ke bayan kafar, wanda ke tsagewa da tsufa.

Idan babu yoyo amma har yanzu ana ƙarya

Wannan ya fi faruwa a jiragen da mutane ke haɗawa da kansu, ko bayan fenti. Layi ya riƙe, agogo ya yi daidai da ruwa, amma a sama lambobin ba su dace ba, saboda ƙofar sitatik tana zaune a inda gudun iska ke sauya matsin. Ɗan tudu a gabanta, ko da kaurin fenti ne ko kan ribit, wato ƙusar da ke riƙe jikin jirgi, yana rage matsin, agogon gudu da na tsayi su nuna fiye da gaskiya; tudu a bayanta yana tara iska, su nuna ƙasa da gaskiya. Ana gane shi idan aka riƙe tsayi ɗaya bisa agogo aka sauya gudu daga kaɗan zuwa mai yawa, sai a ga tsayin da GPS ke nunawa yana tafiya tare da gudun. Don auna girman kuskuren, a tashi cikin iska mai natsuwa, a riƙe gudu da tsayi ɗaya a fuskoki uku mabambanta, a rubuta gudun ƙasa da alkiblar kowace daga GPS, a fitar da gudun gaskiya daga ciki, a kwatanta da na agogo bayan an gyara shi don tsayi da zafi, domin a ƙiyasi gudun gaskiya yana haura na agogo da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000. A jirgi mai takardar ƙira ba a sauya siffar ƙofar; ana mayar da ita yadda zanen kamfani ya nuna ne kawai.

Rufe aiki

A Amurka, jirgin da zai tashi bisa dogaro da agogo a sararin da ake sarrafawa dole a gwada layin sitatik da agogon tsayinsa duk wata 24, a kuma sake gwajin yoyo duk lokacin da aka buɗe layin aka rufe, ban da buɗe magudanar ruwa ko bawul na ko-ta-kwana. Sauran ƙasashe suna da nasu wa'adin da nasu sharaɗin wanda ya cancanci sa hannu, kuma dokar ƙasar da jirgin ya yi rajista ita ake bi. Bayan gwajin ƙarshe, a saki matsin sannu a hankali, a ƙirga salatif da murafun da aka cire a kwatanta da abin da aka rubuta, a zagaya jirgin a taɓa kowace ƙofa da ido, a rubuta adadin yoyon da aka samu a littafi don mai gwaji na gaba ya san ko yana ƙaruwa. A tashin farko kuma, matuƙi ya zaɓi rana mai haske, ya kalli allurar gudu tun farkon gudu a kan titi, da niyyar tsayawa idan ba ta motsa ba kafin jirgi ya ci kashi ɗaya cikin uku na titin.